Garin da Ake Daka Turmi Babu Hatsi

Mun tashi daga Konni ana fitowa sallar asuba, ni da wani ƙanena da ke tuƙa mu. Abokina ne da ke bida, wato neman kuɗi, a Abijan ya roƙe ni in je in dubo masa mahaifiyarsa a wani ƙauye bayan Illela, don ya daɗe yana kiran wayarta ba ta shiga.

A mararrabar Tsarnawa manyan motocin siminti na Malbaza suka shiga gabanmu suna tafiya kamar masu jin barci. Sai a Badagishiri muka huce haushi da fura da nonon wata Bafulatana, wadda ta rantse tsadar ba daga ita ba ce, daga shanun ne. Daga Illela muka sauka hanyar jar ƙasa.

Mun shiga garin da hantsi. Abin da ya fara damuna shi ne babu yaro ko ɗaya da ya biyo motar da gudu. Ƙofofi da yawa da kwaɗo a jiki, wasu rumbunan sun rufta. A inuwar masallaci wasu tsofaffi suka miƙe da ƙyar, suna leƙa fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sannan suka koma suka zauna. Ba mu ne waɗanda suke jira ba.

Muna cikin gaisawa, bayan na faɗi gidan da muka zo nema, sai na ji daka daga wani gida. Ya tsaya, wani gidan ya ɗauka, sannan wani can nesa. Sautin kuwa fayau, irin na turmin da babu komai a ciki. Liman, wani dattijo mai yana a ido, ya ce ɗiyansu duk sun tafi bida, matan da jikoki kuma sun bi su ko sun koma birni. Tun da wata tsohuwa ta rasu a ɗaki ba wanda ya sani sai da kukan awakinta ya yi yawa, suka shirya kowane gida ya buga turmi da hantsi, maƙwabci ya amsa.

Bai gama ba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Muka saurara. Babu komai sai kukan kurciya.

"Gidan da kuka zo nema ne bai amsa ba," in ji shi.

Mun same ta kwance a bakin ɗaki, jiri ya kayar da ita tun da safe, ƙugunta ya ƙi motsi. Maganin hawan jininta ya ƙare da daɗewa. Tsofaffin da suka biyo mu suka tsaya cirko-cirko, babu mai ƙarfin ɗaga ta. Da na sunkuya, ta kama rigata ta kira ni da sunan abokina, ita da ba ta taɓa faɗin sunan ba don ɗan fari ne.

"Na'am, Inna," na ce. "Ga ni."

Muka sa ta a mota, a hanyar fita muka bi ta gefen maƙabarta. Na ga ramuka a jere, an rufe bakinsu da ƙaya. Maƙwabciyarta da ta rako mu ta ce samari ne ke haƙa su in sun zo noman damina, don in rani ya yi babu hannun da zai iya fasa ƙasar. Ta nuna ɗaya da haɓa, ta ce tana son wancan, ya fi kusa da inuwa. Ƙanena ya miƙe da mu har gidan likita na Illela.

Majo, babban ma'aikacin jinya, ya karɓi mahaifiyar abokina, ya ce za ta tashi, amma zaman kaɗaici ya ƙare mata. Maƙwabciyar ta zauna jinya, ita ma da sandarta.

Mun iso Konni da la'asar, hayaniyar 'yan kabu-kabu ta yi mini daɗi kamar kiɗa. Tafiyar nan ta nuna mini cewa iyayenmu suna ƙara tsawon rai, mu kuma muna ƙara nisa da su, kuma aike ba ya ɗaga wanda ya faɗi. Da na kira abokina na ba shi labari, ya tambaye ni ko ta yi cigiyarsa. Na ce ba ta yi ba, don a wurinta shi ne ya zo ya ɗauke ta. Sai ya ce in tambayo masa ranar da motar Abijan ke isowa Konni.