Lamba Arba'in da Takwas

"To ka ji inda na yi wautar," in ji Dakta, yana hure ƙurar da ta toshe fankar wata kwamfuta. "Da ban iya komai ba, da ban taɓa wurin ba."

Dakta ba likitan mutane ba ne. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ba ya kwance ko noti ɗaya sai ya sa mai kaya ya kwashe hotunansa da takardunsa tukuna, har maƙwabta suna masa tsiya wai ya fi asibiti cika sharuɗɗa. Da na tambaye shi dalilin haka ne ya ba ni labarin.

Yayansa malamin lissafi ne. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya riƙa naɗar muryarsa a kwamfutarsa, yana yi wa 'yarsa mai shekara biyu hira don ta ji in ta girma. Bayan rasuwarsa matarsa ta kawo kwamfutar shago.

"Ta ce min, 'Ƙaramin maigida, ga amanar yayanka. Ka kwafe mana muryar a wani wuri, kafin ka cika ta da ƙwallon nan naka.' Tsokana ce irin tamu. Na ce mata gobe."

Kwamfutar yayan ta fi tasa ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi ya samu sabon wasan ƙwallo da tasa ta kasa ɗauka. Ya saka wasan, wasan ya ƙi tashi, wai sai an kunna tsaron na'urar. Saitin yana can ciki, a shafin da ake shiga tun kafin kwamfuta ta gama farkawa. Ya shiga ya kunna. A ƙasa sai ya ga wani layi na share ma'ajiyar tsaro.

"Ni a kaina sharewa tsafta ce. Na ce bari in share mata, ta tashi fes. Sau biyu ta tambaye ni ko na tabbata. Wallahi kwamfuta ta fi ni hankali ranar."

Da ta sake tashi, shuɗin allo ya gani, ana neman lambar sirri mai lambobi arba'in da takwas. Ashe yayan ya kulle duk abin da ke ciki, makullin kuma yana ajiye ne a ma'ajiyar da ya share. Ya mayar da saitin yadda yake, bai yi amfani ba.

"Na kwaso littattafan Yaya ko ya rubuta lambar a wani wuri. Kai, malamin lissafi fa! Kowane shafi lambobi. Sati uku ina gwadawa."

Ranar da ya je gaya mata, ninke kayan wanki take yi. Ta saurare shi har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"Ta ce, 'Wasan dai ya tashi?' Na ce ban ko sake buɗe shi ba. Ta ce Allah ya kyauta. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Tun ranar Baffan yarinya take kirana, da ladabi, kamar baƙo."

Yarinyar yanzu shekararta tara. Watan jiya ta ji ana cewa muryar Baffa irin ta babanta ce, sai ta kawo littafin makarantarta ta ce ya karanta mata shafi ɗaya, ta rufe ido. Ya karanta. Ta tambaye shi ko haka baban yake magana.

"Na ce mata tasa ta fi taushi. Me zan ce kuma?"

Mai kemis ta leƙo ta ce firintarsu ta sake cinye takarda. Dakta ya goge hannu a wando, ya ɗauki jakar kayan aikinsa.

"Ja min ƙofar in za ka tafi," ya ce, ya bi bayanta.