Iska Ta Kunna Mini Fitilar Keken Baba

Jama'a, yau lantarki ya zo gidanmu a Mairuwa, kuma ba ta waya ya zo ba!

Kun san an kafa turakun wuta a bakin titi, har yau ba a ja waya ba. To, tun da muka dawo hutu nake yanka gwangwani ina yin fikafikai irin na fanka. Da safe na kwance danamon fitilar keken Baba, wato ɗan injin da taya ke juyawa ya ba da wuta, ban tambaye shi ba. Na haɗa shi da fikafikan, na ɗaure a kan rumbu, na jawo waya zuwa ƙwan fitilar keken a zaure.

Har azahar shiru. Ko ganye ba ya motsi. Ga shi gobe Baba zai hau keken zuwa kasuwar Yankara.

Bayan la'asar sai hadari ya taso daga gabas. Iska ta kaɗa. Ƙwan fitila ya kama!

Inna ta saki tsintsiya. "A'uzubillahi! Wa ke tuƙa keken?"

Na ce, "Iska ce, Inna."

"Iskokai dai, ɗan boko!"

Sai ga Baba ya shigo. Na sunkuyar da kai. Iskar ta ƙara ƙarfi, ƙwan ya yi fari fat, ya ƙone a gabansa.

Ya daɗe yana kallon rumbun. Can ya ce, "Shekara goma ke nan sai na yi gumi a kan keke kafin fitilar nan ta kama. Mayar mini da abina. Gobe zan nemo maka naka danamon, da ƙwan fitila biyu."