Takardar da Na Ƙona da Hannuna

Shekara tara ke nan ina riƙe da wani ɗan shago a Konni, kusa da tasha, inda ake buga takardu da fotokwafi. Duk wanda zai nemi aiki, ko zai sa ɗa lakwal, wato makarantar boko, ko zai haye iyaka da kaya, sai ya bi ta hannuna da kartidantite, katin shaidar ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa. Na san matan da suka rage wa kansu shekara biyar, na san wanda ya faɗi jarrabawa ya je gida ya ce ya ci. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ina alfahari da haka har abin ya yi yawa.

Akwai wata al'ada da na gada wurin mahaifina, wanda ya yi sana'ar rubuta wa mutane wasiƙa. Takardar da ta lalace ba ta kwana a wurinmu. Kullum bayan la'asar nakan tara su cikin wata tsohuwar garwa a bayan shago in ƙyasta ashana, in tsaya sai sun zama toka. Mata masu ƙosai da masu tsire sukan bi buro-buro, wato ofisoshi, neman tarkacen takarda na ƙunshi, amma sun daina zuwa wurina, don fata-fata nake musu. Na sha gaya musu sunan mutum ba abin naɗe ƙosai ba ne. Suka sa mini suna mai rowar shara, ni ko a jikina.

Jikin shagona akwai na wani tela. Ya girme ni da kamar shekara goma, Yaya nake ce masa, kuma bangon da ke tsakaninmu ba ya hana ni jin ƙarar kekensa tun safe har magariba. Ya daɗe da aure ba haihuwa, sai a shekara ta tara Allah ya ba su ɗiya mace. Ban taɓa ganin namiji ya haukace a kan yarinya kamarsa ba. Duk ƙyallen da ya rage daga ɗinkin mutane, kafin yamma ya zama riga ko ɗankwali a jikinta. Daga ita kuma shiru, har ya shirya ya tafi Yamai a duba shi.

Bayan ya dawo, wata rana da azahar, ya jira sai da shagon ya watse sannan ya shigo ya turo ƙofa. Ya ciro takarda daga aljihu, an ninke ta huɗu. Yana so in ɗauki hotonta da inji a aika wa wani likita na biyu ya duba. Shi bai yi lakwal ba, ba ya karanta Faransanci, amma ni ina ɗora ta a kan gilashi idona ya riga ni. Takardar gwaji ce, da sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. Abin da ta ce a taƙaice shi ne mutumin nan ba ya haihuwa, kuma ba yau abin ya same shi ba.

“Ka karanta?” in ji shi.

“Na karanta, Yaya.”

“To ka san abin da nis sani. Likita mutum na, yana kure. Ɗiyag ga tawa ta, ni niy yanka mata rago. Amma takardag ga in ta hita, babu mai tambayata. Yarinyar za su kallo, da uwatta.”

Na aika, na goge hoton daga ordinater, wato kwamfuta, na goge daga waya, duk a gaban idonsa. Ya miƙo mini ta ainihin ya ce in ƙone. Muka zaga baya cikin tsakar rana na ƙyasta ashana, shi kuma ya sa takalmi ya murje tokar. Na dafa ƙirji na ce masa daga ni sai shi sai Allah. Abin da likita na biyu ya ce bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Aka yi shekara biyu. Injin ya tsufa, ya fara ja wa kowace takarda wani baƙin layi daga sama har ƙasa, mutane suna ƙorafi. Na sayi sabo, tsohon kuma na sallama wa wani mai gyara da ke can wajen duwan, ofishin kwastan, wanda yake tayar da irinsu ya sayar a ƙauyuka. Har goge masa ƙura na yi kafin a ɗora shi a amalanke. Wauta dai, na wanke masa fuska na bar cikinsa.

Kamar wata guda bayan haka na tashi zuwa suna a Badaguishiri. Motarmu ta tsaya a Tsarnawa, na sauka na sayi ƙosai a bakin hanya. Na ci biyu, ina kan na uku, sai idona ya faɗa kan takardar ƙunshin. Mai ya jiƙa ta, amma ana ganin komai. Kwafin kartidantite ne na wani Bafulatani mai sayar da shanu, a gefe kuma ga inuwar babban yatsa mai tabo a tsakiya. Na dubi hannuna. Yatsana ne, da tabon wuƙar da na yanke tun ina yaro. Na tuna ranar sarai: katin ya lanƙwashe, na danne shi da yatsa, yatsan ya fito, na sake wani na ƙona wannan. A makon da tela ya kawo tasa takardar aka yi haka.

Sai na ga baƙin layin, daga sama har ƙasa. Lokacin da Bafulatanin ya zo injin bai fara wannan cutar ba. Ashe ba tsohuwar takarda ba ce ta tsere wa wuta, sabuwa ce aka buga kwanan nan. Na ajiye sauran ƙosan, na ninke takardar na sa aljihu. Ban je sunan ba, na tsallaka titi na hau motar da ta nufi Konni.

Na sami mai gyara yana cin gyaɗa, injina a gefensa an buɗe masa ciki. Da na nuna masa takardar sai ya yi dariya, irin ta wanda ya ga baƙauye. Ya kunna injin, ya danna wani wuri a allon da ni ban taɓa dannawa ba a shekara bakwai, ya sa lambobi huɗu.

“Wa ya ba ka lambar?” na tambaye shi.

“Ta kamfani ta, maigida. Dut irin injin ga da ita suka zakkuwa, ba ka canza ba. Ko yaro na iya buɗe shi. Kai, ko daga waje, wanda ash shiga wifinka da waya yana iya kwashe su.”

Sai ga jeri ya fito, shafi bayan shafi, da ranaku. Ya ce akwai diski a ciki kamar na ordinater, kuma an saita injin ya ajiye duk abin da ya bi ta kan gilashi. Ni ina can bayan shago ina ƙona takardu kamar wani babban mai riƙon amana, shi kuma yana nan ciki yana tarawa. Don ya gane inda layin yake fitowa, mai gyara ya sa shi ya yi ta buga abin da ke ciki, tuli guda. Da na tambayi inda tulin yake, ya ce ai mata masu neman takardar ƙunshi sun kwashe.

Na ture shi na bi jerin da yatsa har na kai makon. Tana nan. Na buɗe, ga sunan tela, ga na mahaifinsa. A gefe akwai alamar an buga ta. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, alhali na san ba shi ya dafa ƙirji ba. Na sa ya ciro diskin, na ari guduma na farfasa shi a bakin ƙofarsa. Hakan bai dawo da ko shafi ɗaya ba.

Mata uku ne suka kwashi takardun. Ɗaya tana tuya a nan Konni, ɗaya ita ce ta Tsarnawa, ta ukun kuma ba ta tuya, sarin takarda take yi tana bin kasuwanni, Malbaza, Badaguishiri, har Illela, tana raba wa masu tsire da masu ƙuli. Mako biyu na rufe shago ina bin su a kan kabu-kabu. Waɗanda na kora a da su ne nake durƙusa wa, suna ta yi mini tsiya, wai mai rowar shara ya dawo bara. Na tattaro abin da na iya, takardun haihuwa, na filaye, na saki, na ƙona. Wadda nake nema ba ta ciki.

Na yi ta lallashin kaina. Wataƙila an naɗe tsire da ita an jefar, akuya ta cinye. Wataƙila wanda ya samu bai iya karatu ba. Amma wataƙila kuma tana ƙasan buhun wata tsohuwa, tana jiran layinta ya zo.

Ranar da na gaya wa tela, bai ɗaga kai daga keke ba. Ya ci gaba da taka shi har ya kai ƙarshen hannun rigar, ya yanke zare da haƙori.

“Da sunana?”

“Da sunanka, Yaya.”

“Kac ce daga kai sai ni sai Allah.”

“Haka nic ce.”

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tun daga ranar ya zama mai cin ƙosai, shi da ko ƙamshinsa ba ya so. Kowace safiya sai ya saya, yau wurin wannan gobe wurin waccan, ya juye wa almajiransa ƙosan a kan tebur, ya shigo da takardar ya shimfiɗa mini. “Duba,” kawai yake cewa. In duba in girgiza kai, ya koma. Ni na canza lambar sabon inji, na sa an kashe masa ajiya, na rufe wifi, duk abin da ya kamata in yi tun farko. Garwar ma har yanzu ina kunna ta, amma ba na tsayawa a kanta ina hura hanci.

Yarinyar kuwa an sa ta lakwal, kuma kanta yana ja. Ta shiga shekarun nan da yaro ba ya wuce rubutu bai karanta ba: allon shago, gwangwanin madara, bayan mota, komai da ƙarfi, gaɓa-gaɓa.

Kwanan baya da safe uwarta ta aike ta sayen ƙosai, ta biyo ta gaban shagunanmu. Ina cikin jera takardu sai na ji muryarta a bakin ƙofa tana haɗa baƙaƙen Faransanci a hankali. Na ɗaga kai. Ta buɗe gefen ƙunshin tana bi da yatsa, kuma daga inda nake ina hango baƙin layi daga sama har ƙasa. A bayan bango ƙarar keke ta tsaya cak.

Ban san lokacin da na tsallake tebur ba. Na fizge takardar, ƙosai ya watse a ƙasa. Takardar neman aiki ce ta wani saurayi, ba tamu ba. Tela yana tsaye a ƙofarsa da almakashi a hannu, na dube shi na girgiza kai.

Yarinyar ta dubi ƙosanta, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

“Baffa, kure niy yi? Mushe malaminmu ya ce ni ta ɗaya ga karatu.”

“Ba ki yi kure ba, ɗiyata,” na ce mata. “Daidai kika karanta.”

Ta share ido ta yi murmushi, ta juya wurin ubanta ta ce nan da baɗi babu takardar da za ta gagare ta. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya koma ciki. Na tsaya ina sauraron bango, har azahar keken bai tashi ba.