Farin Garin da Kawu Ya Kawo

Shekaran jiya na bi ta layin masu sayar da kayan noma a kasuwar Rano, sai wani wari ya doki hancina, kamar an cakuɗa kananzir da alli. Na tsaya cak da kwando a hannu. Rabona da jin irinsa tun ina 'yar shekara goma a gidanmu na Nariya.

A lokacin, ajiyar wake a hannun Kaka take, mahaifiyar babanmu. Bayan girbi sai ta sa a shanya shi kwana uku a kan tabarmi. Ta tankaɗe toka, ta haɗa da busasshen barkono da ganyen darbejiya, ta ɗura a manyan tukwane, ta liƙe bakinsu da yumɓu. Mu yara namu atishawa ne kawai. Amma duk da wannan wahala, kafin damina ta kankama za ka buɗe tukunya ka tarar waken ya huhhuje, ƙwari suna ta kai da komo a ciki.

Wata shekara sai ga Kawu, ƙanin Innarmu, mai jan motar kaya tsakanin Kibiya da Kano, ya zo da wani gwangwani cike da farin gari. Ya ce wa Baba, "Yaya, wannan shi ake yayi a birni. Ka barbaɗa a buhu, ko ƙwaro ɗaya ba za ka gani ba. Sai dai a bar shi ya yi watanni kafin a ci."

Kaka ta shinshina, ta kau da kai. "Ku zuba a naku. Tukwanena biyu kada wanda ya taɓa."

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ƙwaro yana cin wake, mu ma muna ci. Ta yaya garin zai gane wanda aka aiko shi ya kashe? Na tambayi Baba yana ɗinke bakin buhu. Ya yi dariya ya ce, "Shi ƙwaro ƙarami ne, ke kuma babba ce."

Amsar ba ta ishe ni ba. Na lakaci garin da tsinke na zuba a kwalin ashana, na sa ƙwari uku. Kafin azahar sun bushe. Washegari na sa fara, ita ma ta mutu, sai dai ta fi su daɗewa. Na so in gwada da ƙadangare, ban iya kama shi ba. Na dinga tunanin nawa ne zai ishi mai girmana.

Bayan kamar wata biyu, Inna ta kwance buhu ɗaya. Ba wanda ya tuna watanni nawa Kawu ya ce. Ta wanke waken sau uku, ta dafa mana da shinkafa, muka ci har da ƙari. Kafin la'asar gidan ya rikice. Ni jiri nake ji, gini yana juya mini. Inna tana amai a bakin madafa, Baba ya kasa tashi daga tabarma. Ƙanina, mai shekara huɗu, jikinsa ya kama karkarwa, idonsa ya kakkafe.

Kaka kaɗai ke tsaye, don ranar Litinin ce, tana azumi. Tsohuwar da ba ta iya sauri, ran nan da gudu ta fita ba mayafi. Maƙwabta suka ɗebe mu a a-kori-kura zuwa asibiti a Rano. Mu an sallame mu washegari, ƙanina sai da ya kwana uku, Allah Ya tashi kafaɗarsa.

Bayan mun dawo, aka wayi gari babu buhunan, babu gwangwanin, ba kuma wanda ya ƙara tayar da zancen. Waken Kaka mai huji muka ci a shekarar, ana tsince ƙwarin a faranti. Har ta rasu ban taɓa jin ta goranta wa kowa ba.

Na girma, na zama malamar firamare. Wata rana aka tara mu taron bita kan lafiyar yara, wani malamin gona ya yi bayanin da ya sa na ajiye biro. Ya ce akwai wasu magungunan ƙwari na da waɗanda ƙasashen duniya suka zauna suka yi yarjejeniyar daina yin su da sayar da su, har da ƙasarmu. Dalili, ba sa ruɓewa. Suna zama a ƙasa shekara da shekaru, ruwa ya ja su, iska ta ɗauke su, har an same su a nonon mata a can ƙasashen ƙanƙara, inda ba a ma noma. Da ya kwatanta kamanninsu da warinsu, sai na ga gwangwanin Kawu ƙiri-ƙiri.

A hutun nan na je Nariya na ba Baba labari. Ya tsufa, ji ma sai an ɗaga murya. Da na gama, ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan gida, daidai inda ƙanina ya kafa turaku zai haƙa rijiya.

"A nan na binne buhunan da gwangwanin," in ji shi. "Na ɗauka ƙasa tana cinye komai."

Aka mayar da rijiyar can gabas, nesa. Da na tuntuɓi malamin gonar, ya ce kada mu tone wurin da kanmu, don haka muka kewaye shi da ƙaya. Yanzu a buhu mai leda biyu a ciki muke ajiye wake, ƙwarin su rasa iska su mutu, ba toka ba gari. Amma a kasuwa har gobe ina ganin kwalabe marasa rubutu, ana saye ana tafiya da su gida, ni ma ban san abin da ke ciki ba.

Da za mu koma cikin gida a ranar, Baba ya tsaya ya dafa sandarsa.

"Mutanen ƙanƙarar nan, namu ya kai wajensu?"

Na ce ban sani ba, Baba.

Ya gyaɗa kai. "To, in kin haɗu da wanda ya san hanyarsu, a ba su haƙuri. Wake kawai muka so mu ajiye."