Ƙarfe Huɗu da Rabi

Shekara tara na yi a Doha ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Sanaiya, unguwar masana'antu, kafin na iya kawo matata. Muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran, kicin na haɗaka. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma abin yana cina, domin ban taɓa kai ta ko'ina ba sai bakin teku da yamma. Da ƙungiyar 'yan garinmu ta shirya tafiyar kwana uku a babban jirgin ruwa na shaƙatawa, sai na rufe ido na sa sunanmu.

Jagoran tafiyar wani injiniya ne mai ofis a Mushairib, unguwar manya. Unguwarmu ɗaya a gida, iyayenmu masallaci ɗaya suke sallah, amma a Doha in zai gaisa da ni yatsu uku yake miƙo mini.

Jirgin zai yada zango na yini guda a tsibirin Bahrain. Yawon da masu jirgin ke shiryawa ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na yi mako biyu ina bincike a waya lokacin hutun rana. Na gano motar da ke fitar da fasinjoji daga tashar jiragen ruwa, da inda ake sayen katin bas, da bas ɗin da ke zuwa tsohuwar kasuwa, da wadda ke kaiwa tsohuwar ganuwa ta bakin ruwa. Duk na rubuta a takarda na ninke.

Da safiyar ranar da muka isa, muna karin kumallo tare da jama'armu, na buɗe takardar ina nuna wa matata. Injiniya ya miƙo hannu ya zare ta, ya karanta da ƙarfi, lamba bayan lamba.

"Jama'a, Malam ya zo tsakiyar teku ma bai rabu da bas ba," in ji shi. Ya juya wajen matata. "Hajiya, ki yi haƙuri da shi. Ki biyo mu ki sha sanyin mota, ai kin gaji da jin labarin sanyi a bakin mai gyara."

Aka kwashe da dariya. Matata ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Wannan ce rana ta farko da na fitar da ita cikin mutane a matsayin mijin da ya iya wani abu, ga yadda aka mayar da ni a gabanta. Na ji tsanar mutumin nan har cikin haƙorana.

Ya ce shi yana da mutum a tsibirin, ɗan garinmu, zai zo da mota ya zagaya da su kyauta. "Ai ba gaggawa," ya ce. "Jirgi sai shida zai tashi."

Ni kuwa na karanta takardar da ake zura wa kowa ta ƙarƙashin ƙofa. An sauya lokaci: kowa ya kasance cikin jirgi ƙarfe huɗu da rabi, kuma wanda ya fita yawon kansa ba a jiransa. Na buɗe baki zan faɗa. Sai na cusa burodi a ciki na tauna.

Kuma na san abin da ake nufi da ɗan gari zai zagaya da kai. Ba zai kai ka ganin gari ba sai ka taka gidansa. In ka taka, abinci bai nuna ba, in ya nuna ba ka isa ka tashi ba ka ci ba. Daga nan a ce ai wane zai ji haushi in ya ji kun zo ba ku leƙa shi ba.

Mu dai muka bi takardarmu. Bas ɗin tsaf-tsaf, ga sanyi, muka samu kujerar taga. A kasuwa matata ta tsaya gaban masu turare ta yi ciniki da ɗan Larabcinta har mai shagon ya ɗaga hannu ya sallama. Muka sha shayi mai madara a tsaye, muka sayi alewar garin a ɗan gwangwani. A ganuwa ta cire takalmi ta taka duwatsun, iska na kaɗa mayafinta, tana dariyar da rabona da jin irinta tun muna gida. Uku da rabi mun koma jirgi.

A dandalin tafiyar na waya hotuna suna ta shigowa. Ga Injiniya da matarsa da mutum biyun da suka fi kowa dariya da safe, sun kewaye tiren tuwo a wani falo. Can kuma ga su a wani gidan, an je barkar haihuwa. Agogo ya nuna huɗu saura.

"Maigida, ba ka kira su ba?" in ji matata.

"Wayar ba ta kamawa a nan," na ce.

Ta dubi wayar, hotuna na faɗowa, ta dube ni.

Sai da lasifikar jirgi ta fara kiran sunayensu, na tabbatar ko tsuntsaye ne ba za su iso ba, sannan na danna lambarsa.

"Yallaɓai, ana ta kiranku, za a janye tsanin shiga jirgi."

"Wane tsani? Ka ce musu su ɗan jira, khalas, shi ke nan, ga mu nan tafe."

Haka ya faɗa, sai ka ce direban tasha zan je in roƙa. Na ce to, na kashe wayar, na hau saman jirgi na nemi wuri mai kyau a jikin shingen ƙarfe na gefen jirgin.

Sun iso ruwa ya riga ya raba jirgin da gaɓa. Na hango shi cikin farar shadda yana gudu, hula a hannu, matarsa a baya rungume da kular abincin da aka ba su guzuri. Yana ɗaga hannu yana tsalle. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, daɗi mai yawa, kuma na tsaya ina kallo har ya koma ɗan ɗigo fari.

An bar musu fasfo a tashar, suka kwana biyu a tsibirin kafin su samu jirgin sama. Ni na shiga ɗakinsa da izinin ma'aikata na haɗa kayansu, na ja akwatunan har ƙofar gidansa a Doha.

Tun daga lokacin, duk Juma'ar da muka haɗu sai ya kama hannuna da hannu biyu, ya gaya wa na kusa cewa a cikin jama'ar nan kaf ni kaɗai na tuna na kira shi. Nakan ce ba komai, Yallaɓai, ai yi wa kai ne. Ranar sallar da ta wuce ya maimaita a gaban matata. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ai haka yake, ba ya mantuwa."