Daddawar da na kai Yamai

Ku gyara zama, 'ya'yan nan, ku ara mini kunnuwanku.

Yayata wadda nake bi, wani mai fataucin shanu ne ya aure ta, ya tafi da ita Yamai, can ƙasar Nijar. Ina cikin 'yan rakiya. Daga ƙauyenmu na bayan Dawakin Tofa muka hau babbar mota, muka kwana biyu a hanya, ƙafafuna suka kumbura. Tun ran nan na ɗauka Yamai ce bangon duniya.

Kwanci tashi muka tsufa. Wata rana da hantsi ɗana na fari, mai awon wake a kasuwar Dawanau, ya same ni ina sussuka.

"Inna, an bugo waya. Jikin yayarki Iya Babba ya tsananta. Ba ta cin komai, sai ambaton daddawar gida take yi. Gobe akwai jirgi."

Na ce to, bari in ɗora kalwa.

"Haba Inna, a saya a kasuwa mana."

"Ta kasuwa zan kai wa wadda muka koya a gaban uwa ɗaya? Da ta sansana za ta gane."

"Jirgi ba ya jiran kalwa. In na gobe ya tashi, sai mako mai zuwa."

Na ce masa ko jirgi ko jaki, Yamai dai ba ta matso ba, kuma tafiya mai nisa ba a yi mata gaggawa. Ya juya ya fita.

Na dafa kalwa yini guda, na surfa, na wanke, na sake dafawa, na rufe ta da ganye a kwando. Kwana uku tana ruɓa. Duk sa'ad da wayarsa ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Matan majami'armu suka zo suka yi mini addu'a, ba wadda ta ce na yi daidai.

Ranar tafiya na ƙulle guzurin kwana biyu, gyaɗa da dakuwa. Jirgi ya tashi daga Kano, na runtse ido. Da na sami natsuwa na fara kwance ƙullin gyaɗa, sai ɗana ya taɓa ni.

"Mayar da shi, Inna. Sauka za mu yi."

"Hutu za a yi?"

"Yamai ke nan. Awa ɗaya ce da 'yan mintoci."

Ko kalwa ba ta yin laushi a wuta cikin wannan lokaci. Na yi kuka a kujerar nan. Ashe nesa tana kusa, ni ce na tsawaita ta da mako guda.

Mun same ta da rai, idonta a rufe. Na ɓantari daddawa na kai mata hanci. Can sai leɓenta ya motsa.

"Auta, har yanzu gaggawa kike yi. Da kin ƙara mata kwana ɗaya."

Na kaɗa mata miyar kuka, ta sha cokali uku. Bayan kwana biyu Ubangiji ya kira ta, a can aka binne ta kusa da mijinta. Ɗana yana Dawanau har yau, bai taɓa tayar mini da zancen makon nan ba. Ni kuwa ga ni, ina daddawata duk shekara, ina kuma ƙara mata kwana ɗaya.