Aidiyata Ce

Kafin a yi gada a Gaya, bak, wato wani faffaɗan jirgin ƙarfe mai tafiyar hawainiya, shi ke tsallakar da motoci zuwa Malanbil. Lokacin gyaɗa kamiyo, manyan motocin kaya, kan jeru a bakin kogi su yini suna jira, direbobi da karnukan mota suna hamma, ba mai iya barin motarsa ya shiga gari neman abinci don kada layi ya wuce shi. Ni kuwa ina soya kifi a ƙofar gida, ƙuda sun fi masu saye yawa. Wata rana ina wanke kasko sai abin ya faɗo mini a rai: me zai hana a kafa rumfa a mashigin bak ɗin, a ƙulla kifi da yaji a ganye, a bi motocin da shi har taga?

Surukina ke da filin da ke wajen, kuma ba a yi wa surukina maganar kasuwa kai tsaye, balle matar ɗa. Mijina yana Dahome wajen fatauci. Sai na yi wautar gaya wa ƙaninsa, don ya kai mini maganar.

Wannan ƙanin miji bai daɗe da dawowa daga Ikko ba. Abin da ya samo a can bai wuce agogon da ba ya tafiya da kalmomin Ingilishi uku ba, amma kullum sai ya shanya mana su. Mu da muka saba da Faransancin 'yan lakwal, wato 'yan boko, sai ga wani sabon iyayi. In tunani ya zo wa mutum, in ji shi, sunansa aidiya. In tunanin ya girma har yana bayyana dalilin abubuwa, ya zama tiyori. Wanda kuwa ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, shi ne birenwef. Na ce masa to nawa fa, wanne ne a ciki? Ya yi dariya ya ce, "Matar yaya, naki dabara ce ta mata. Aidiya sai wanda ya ga teku."

Ba a yi nisa ba sai ga rumfa an kafa. Surukina ya ba shi filin, ya sa masa albarka a gaban mutane, wai yaro ya je duniya ya dawo da kai. Ni aka ce in riƙa soya kifin a gida ana kai masa. Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma na tsani ƙanin mijin nan tsanar da ban taɓa yi wa kowa ba. Amma na ci gaba da suya, domin na san rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya.

A lokacin yana neman auren wata bazawara, ɗiyar wani attajirin goro a Tanda, kuma ya mutu a kanta. Wata ranar kasuwa na kai kifi rumfar da kaina, na tarar da gwaggon bazawarar, tsohuwa mai nauyin kunne, ta zo gane wa idonta sana'ar mai neman ɗiyarsu. Gogan naku ya ga baƙuwa, sai ya hau buga ƙirji yana ɗaga murya: "Aidiyata ce! A Ikko na same ta, ban gaya wa kowa ba sai da na dawo!"

Tsohuwar ta jawo gefen zanena ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi yac ce? Ai ɗiyata ce? Ɗiya gare shi a Ikko?"

Na san ma'anar kalmar sarai, shi da kansa ya koya mini. Na gyara ɗaurin kallabina na ce, "Gwaggo, abin da kunnenki ya ji, shi nawa ya ji."

Kafin la'asar magana ta isa Tanda, ɗiyar da ba a ji auren uwarta ba, ba a ji sunanta ba. Attajirin ya turo dattawa wurin surukina, aka shimfiɗa tabarmi a zaure, mu mata muna bayan zana muna ji. Ƙanin mijina ya yi ta rantsuwa cewa aidiya kalmar Ingilishi ce, tunani take nufi. Garin bayani ya sako tiyori da birenwef, wani dattijo ya ce, "Lalle, ashe su ukku na." Aka ce to in tunani ne, ya faɗi ranar da ya zo masa da yadda ya zo. Ya yi ta kame-kame, don bai san komai game da haihuwar tunanin ba. Can na ji muryarsa ta yi ƙasa: "A kira matar yayana, ita ta sani."

Na shigo na durƙusa na gaida surukina. Ƙanin mijina ya dube ni, zufa har gemu, ya ce, "Matar yaya, don Allah ki hwaɗa musu gaskiya."

Na ce, "Kai za ka hwaɗa. Baba na ji. Wa ya haifi wannan aidiyar?"

Ya ce, "Ke ce."

Na ce masa akwai tsofaffi a wurin, ya ɗaga murya kamar yadda yake ɗagawa a rumfa. Ya maimaita, har matan bayan zana suka ji.

An wanke shi daga zancen ɗiya, amma attajirin ya ce wanda ya ci haƙƙin matar wansa ba zai riƙe amanar ɗiyar wani ba, aka fasa auren. Surukina ya ba ni rumfar a ranar. Ba ta daɗe a hannuna ba aka gama gada, motoci suka daina tsayawa, gara ta cinye shikashikanta. Mutane suna yi mini jaje, ni ko a jikina. Ya faɗa a gaban ubansa, kuma kowa ya ji.